Gurbin Bahago

Tun kafin furfura ta sauko masa a gemu ake kiransa Heluma, saboda shi ne ke tsayawa a kan leburori a duk gidan da mai kwangila ya karɓi aikin gyara. Sunan ya bi shi har gida. Idan ya dawo da yamma ya fara 'yan gyare-gyare, wai an bar bokiti a hanya ko an jingine tsintsiya a karkace, matarsa kan ce masa ya ajiye helumancin a bakin ƙofa tare da takalmansa, nan babu wanda ya ɗauka aiki.

Ba daga sama ya faɗo kan muƙamin ba. Yana saurayi ya fara da ɗaukar bulo a ka, ya koma kwaɓa siminti, har wani tsohon magini ya ga hannunsa ya miƙa masa cokalin gini. Ya yi shekaru yana ɗora bulo yana shafa filasta, sai kafaɗarsa ta dama ta fara yi masa gardama. Tun tana ɗaguwa da ƙyar har ta kai ba ya iya kai hannu sama da kansa. Ya zaci nan aikinsa ya ƙare. Amma mai kwangilar, wani mutum mai tumbi da saurin magana wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, ya ce masa magina suna da yawa, wanda zai iya da mutane ne babu. Ya ajiye cokali ya riƙe masa leburori.

Gyaran gida ba kamar sabon gini ba ne. A sabon gini daga ku sai fili sai rana. A gyara kuwa mutane suna ciki. Ana fasa bango a wannan ɗaki, a wancan jariri yana barci. An tattara kujeru a tsakiyar falo an lulluɓe da tsohon zanin gado, matar gida tana leƙowa tana kallon ƙurar da ke sauka a kan kayanta, maigida ya fita da safe da shawara ɗaya ya dawo da yamma da wata. Kuma mutanen da za ka shiga da su cikin gidan, har ɗakin kwanan masu shi, ba naka ba ne. 'Yan aikin yini ne. Da sassafe ake samunsu a mararrabar da ke bakin kasuwar kayan gini, zaune a kan kwalbati, kowa da sheburinsa ko digarsa tsakanin ƙafafu, in mota ta rage gudu su miƙe gaba ɗaya.

Nan Heluma ke zuwa ya zaɓa. Ba ya bin mai faɗin ƙirji ko mai ɗaga murya. Shebur yake kallo. Wanda ya wanke nasa jiya bayan an tashi aiki, shi zai kira. In sun isa gidan, kafin kowa ya taɓa komai, sai ya zagaya da su ya nuna musu inda za su taka da inda ba za su taka ba, sannan ya gaya musu iyakar aikin ranar: bangon nan ya sauka, ɓaraguzai su fita waje, a share, daga nan kowa ya kama gabansa ko da rana tana tsaka. Ya lura cewa mutumin da ya san inda wahalarsa za ta ƙare ba ya jan ƙafa. Baron yashi na farko shi ke turawa, da kafaɗar tasa a haka, yana cije leɓe, don kada wani ya ce Heluma baki ne kawai. Shi ke zuwa ya roƙi matar gida ruwan sha tun da safe, don kada wani magidanci ya je ya tsaya a ƙofar kicin yana sosa ƙeya. Idan mutum ya yi ɓarna, ba a gaban masu gida yake yi masa faɗa ba. Sai ya ja shi bayan tulin yashi ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, su dawo kamar wani abu suka je dubawa.

Ya ga iri-iri. Akwai malalata, akwai masu shiga banɗaki su manta da hanyar fitowa, akwai wanda kullum kakarsa ce ta rasu. Ya taɓa gaya wa wani cewa ya yi masa ta'aziyyar kakar nan sau uku, in Allah ya kai mu ta huɗun tare za su je jana'izar. Leburori suka yi ta dariya, har da mai kakar, aka ci gaba da aiki.

Abin da ke ci masa rai a sana'ar ba ƙura ba ce, ba kuma masu gida masu sauya ra'ayi ba. Ranar farko mutanen baƙin juna ne, kowa yana satar kallon hannun na kusa da shi kada ya yi aikin da ya fi nasa. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga mai kwaɓa ya san lokacin da magini zai nemi siminti ba sai an kira shi ba, mai baro ya san inda zai kauce, an fara kiran juna da sunayen tsokana. Daidai lokacin da suka fara zama kamar 'yan ɗaki ɗaya, lokacin ne mai fenti ke shafa na ƙarshe. A wanke kaya, a yi sallama a bakin ƙofa, kowa ya bi titinsa. Wani ba za a sake ganinsa ba har abada. Heluma kan dawo gida a irin wannan rana ya zauna a tabarma ya yi jugum, matarsa ta ce shi kam mai renon 'ya'yan mutane ne, da sun saba da shi a zo a ɗauke.

Mutum ɗaya ne bai ɓace haka ba.

Wata safiya bayan an gama girbi, lokacin da mararraba ke cika da baƙin fuskoki daga ƙauyuka, Heluma ya ga wani dogo siriri zaune can gefe, bai miƙe ba da aka yi rububin mota. Babbar guduma ce a gabansa, ƙotarta ta yi baƙi da santsi saboda riƙo. Ranar Heluma na neman wanda zai fasa bango tsakanin kicin da sito a wani gida. Ya dubi mutumin ya ga kamar iska za ta ɗauke shi, sai ya tambaye shi ko gudumar tasa ce ko ajiya aka ba shi.

"Tawa ce," in ji shi da wata siririyar murya. "Ita ke aikin, ni rakiya nake yi mata."

Saboda wannan amsa Heluma ya ɗauke shi.

A gidan bai fara da duka ba. Ya nemi tsofaffin buhuna ya shimfiɗa a kan tayil, ya yayyafa wa bangon ruwa don ƙura, ya bi shi yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana saurare kamar mai neman nunanniyar kankana. Sannan ya tofa yawu a tafi ya ɗauki gudumar da hagu. Kafin azahar bango ya sauka, ko kofi ɗaya bai motsa ba a kan kantar kicin. Tun ranar sunansa ya zama Bahago.

Da gajimare ya fara haɗuwa, Bahago ya zo ya ce wa Heluma zai koma gona. Heluma ya yi masa fatan alheri, ya sa shi cikin waɗanda suka wuce. Amma da aka gama girbi na gaba, ya iso mararraba wata safiya ya same shi zaune a wurin nan na gefe, guduma a gabansa, kamar jiya ya tashi. Haka shekarar da ta biyo, haka wadda ta bi ta. Heluma ya daina duba sama don sanin lokaci. In ya ga Bahago, rani ya shigo.

Mutum ne mara yawan magana, amma in yana wuri aiki kan yi sauƙi. Ba ya gaggawa, ba ya tsayawa, sai sauran su tsinci kansu suna bin takunsa ba su sani ba. Sabon lebura in ya fara ƙunƙuni, Heluma ba ya ɓata bakinsa, sai ya haɗa shi da Bahago, kafin la'asar kunya ta gyara shi. Ranar da kafaɗa ta tashi kuwa, Bahago ba ya tambaya. Sai dai Heluma ya je tura baron farko ya tarar an riga an rage yashin rabi, mutumin yana can nesa yana kallon wani waje.

Da rana sukan kife bokitan fenti su zauna a ɗakin da aka cire wa taga, su ci abinci a kwano ɗaya. Heluma ne mai labari: matar da ta sa aka sake fentin ɗaki sau uku don ƙawarta ta ce launin ya yi kama da na asibiti, mutumin da ya ce a toshe masa taga don kada ya riƙa ganin surukarsa tana shigowa. Bahago yana ci yana saurare, can sai ya jefa kalma ɗaya da za ta sa Heluma ya ƙware da dariya. Game da kansa kaɗan yake faɗa. Yana da mata da 'ya'ya mata, da tsohon uba da ba ya gani sosai, da gona a gefen rafi. A gari yana kwana a wani shago su da yawa, kowa da kwalinsa. Da tafiya ta yi tafiya ya daina cewa Heluma in su biyu ne, ya koma cewa Yaya. Ranar hutu Heluma kan ja shi gida, matarsa ta zuba masa abinci har ya yi tozo, tana tsokanarsa wai ƙanin miji ne shi amma ko allura bai taɓa kawo mata ba. Shekara ta gaba ya zo mata da kaza a hammata, da allura guda soke a hularsa.

Aikin da Heluma ya fi tunawa shi ne na gidan wata tsohuwar malamar asibiti. 'Ya'yanta da ke nesa suka haɗu suka ce a sauya mata rufi, a ɗaga bango, a sa sabon silin. Ita kuwa ta ce babu inda za ta, a gidan nan mijinta ya bar ta, a ciki za ta zauna ana aikin. Haka suka riƙa kwashe ta daga ɗaki zuwa ɗaki, da gadonta da rediyonta da kyanwarta. Tana kiran leburorin 'ya'yana, tana wanke wa duk wanda ya yanke ciwonsa, tana yi musu faɗa in sun ci abinci da siminti a hannu. Katako ya yi jinkirin zuwa, kafinta ya kwanta zazzaɓi, aiki ya ja har sama ta fara sauya fuska. Rabin gidan kuwa a buɗe yake, an cire tsohon kwano ba a ɗora sabo ba.

Lokacin tafiyar Bahago ya yi, ya zo ya faɗa kamar yadda ya saba. A karon farko Heluma ya roƙe shi. Ya ce ya dubi tsohuwar nan, ya dubi rufin nan, in ya tafi sauran ma za su zame ɗaya bayan ɗaya, ya yi masa haƙuri har a rufe. Bahago ya murza ƙotar guduma da babban yatsa, sannan ya ce to, Yaya. Ya zauna. Kullum da yamma Heluma kan gan shi a kan tsani ya tsaya yana kallon inda hadari ke tasowa, sai ya ɗauka rufin yake ji wa tsoro.

Ruwan ya zo musu ranar da ba su zata ba, da rana tsaka. Iska ta fara, ta ɗauke hular kafinta ta kai ta gidan maƙwabta, sama ta yi baƙi ƙirin. Ba su ma jira umarnin Heluma ba. Wasu suka haye sama da tamfol, wasu suka saɓi buhunan siminti suna gudu da su zuwa ɗakin da ke da rufi, Bahago ya sunkuci tsohuwar da kujerarta gaba ɗaya, tana rungume da kyanwa tana cewa ya sauke ta, ita ba buhu ba ce. Tamfol ya kumbura kamar zai tashi da mutanen da ke riƙe da shi, suka kwanta a kansa suna dariya, ruwa na dukan bayansu. Da aka lafa duk suka cunkushe a ɗaki ɗaya, jiƙe sharkaf. Tsohuwa ta dafa shayi a babbar tukunya, kofuna ba su isa ba, ana kurɓa ana miƙa wa na kusa. Ko buhu ɗaya bai jiƙe ba. Heluma ya jingina da bango yana kallonsu cikin tururin shayi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ji a ransa da za a bar masa mutanen nan haka, su kaɗai, har ƙarshen ƙarfinsa, da ba ya neman komai kuma.

Da aka buga ƙusar ƙarshe a rufin, Bahago bai jira fenti ba. Ya saɓa guduma ya ce sai bayan girbi.

Bai dawo ba.

Girbi ya wuce, mararraba ta cika da baƙi, wurin nan na gefe wani mai sayar da safar hannu ya kafa tebur a kai. Heluma ya riƙa zuwa da wuri yana tafiya a makare. Sai ya zaɓi mutanensa ya tura su cikin mota, shi ya tsaya wai zai sayi igiya, idonsa na kan motocin da ke sauke fasinja. Mai kwangila ya ce ya ɗauki mai fasa bango, Heluma ya ce akwai wanda yake jira. Aka yi ta zagaye bangon ana wasu ayyuka, har mai kwangila ya gaji ya ce masa bangon nan ba zai faɗi don kunya ba. Lambar wayar da Bahago ya taɓa ba shi ta wani maƙwabcinsa ce, kullum a kashe. Ya tambayi mutanen da suka fito daga wajensu. Wani ya ce kamar ya ji an ce ya tafi haƙar ma'adinai, wani ya ce a'a, wancan wani dogon ne daban. Wani kuma ya ce an yi rashe-rashe a yankin da damina, amma bai san su wa da wa ba.

A ƙarshe Heluma ya ɗauki wani ƙato da ake kira Buldoza, mai ƙarfi, mai son a yaba masa, wanda ke dukan bango kamar sun taɓa faɗa. A gidan wani ma'aikacin banki, kafin Heluma ya gama nuna masa inda bututu ya bi, ya kai duka ɗaya, ruwa ya tsarto ya malale falo har ƙarƙashin kujerun da aka lulluɓe. Heluma ya buɗe baki a gaban maigida da matarsa da 'ya'yansu, ya faɗi maganganun da shi kansa bai san yana da su ba. Ya ƙare da cewa wanda ya fi shi nesa ba kusa ba ko kofi bai taɓa fasawa ba. Buldoza ya ajiye gudumar a hankali, ya ɗauki rigarsa ya fita. Sauran suka ƙarasa aikin ranar ba wanda ya ɗaga kai, ba wanda ya yi wasa, da aka tashi kowa ya wanke sheburinsa ya tafi ba sallama.

Heluma ya ba matarsa labari tana tsince shinkafa a faranti. Ba ta ɗago ba.

"Shi wannan bawan Allah bututu ya fasa," ta ce. "Amma ba a kan bututu ka yi masa faɗa ba. Ba shi ya hana ƙaninka dawowa ba."

Washegari Buldoza ne mutum na farko da ya kira a mararraba. Ƙaton ya yi kamar bai ji ba, sai da Heluma ya taka har gabansa ya ce masa jiya bakinsa ya fi gudumar ɓarna, ya tashi su je su gyara abin da su biyun suka fasa. Ranar ya koya masa ƙwanƙwasa bango da saurare. Buldoza bai taɓa zama mai taushin hannu ba, amma ya daina fasa bututu, kuma ya zauna da Heluma shekaru, yana cika wuri da surutu da waƙoƙin da bai iya ba. Heluma ya so shi. Sai dai da rana in an kife bokitai, labarin da ya ɗauko kan mutu a bakinsa, don Buldoza dariya yake fashewa da ita tun kafin a kai wurin dariyar.

Shekaru suka tafi. Heluma ya aurar da 'ya'yansa mata, babban ɗansa ya buɗe shagon fenti a kasuwar, tsohuwar malamar asibiti ta rasu aka sa gidanta haya. In hanya ta bi da shi ta unguwar yakan rage tafiya ya ɗaga kai. Kwanon ya dusashe, amma yana nan daram. Ya daina tambayar mutane, sai dai bai daina duba wurin nan na gefe ba duk safiya, ko da ya san safar hannu kawai zai gani.

Wata rana da hantsi ya bar mutanensa suna kankare tsohon fenti a wani bene, ya shiga kasuwa neman makullai. A layin masu ƙofofin ƙarfe ya ji wata siririyar murya tana tambayar mai shago ko ƙofar nan da ya ce ba ta tsatsa ta san da maganar. Ya tsaya cak. Mutumin ya ba shi baya, sanye da farar riga wankakkiya, ya yi ƙiba har wuya ya cika, amma da hagu yake ƙwanƙwasa ƙofar.

Heluma ya ce, "Bahago."

Ya juyo. Shi ma ya yi furfura. Ya kama hannun Heluma da hannu biyu ya ce, "Yaya, ashe kana nan." Suka yi ta gaisuwa, su kai ƙarshe su sake komawa farko, ba wanda ya saki hannun wani.

Suka zauna a bencin mai shayi. Heluma ya daɗe yana tara maganganun da zai faɗa in ranar ta zo, da na faɗa da na ƙorafi, amma da ya nema bai sami ko ɗaya ba. Ya tambaye shi kawai me ya faru. Bahago ya ba shi labari a taƙaice, kamar yadda ya saba. Shekarar nan ta rufin tsohuwa, da ya isa gida an riga an yi shuka an wuce shi. Matarsa da 'yan matan ne suka yi abin da suka iya, ubansa yana zaune a bakin gona yana gaya musu inda za su bi. Uban bai kai girbi ba. Bayan rasuwar ya duba gidan ya ga babu namiji sai shi, ƙaramar 'yarsa kuma tana ɓuya a bayan uwarta in ya shigo, don ba ta san shi sosai ba. Sai ya jingine gudumar. Ya fara shuka albasa da tumatir a gefen rafi da rani, Allah ya sa wa abin albarka. Yanzu ɗaki yake ƙarawa a gidan, shi ya kawo shi sayen ƙofa. Ya so ya aiko da saƙo, maƙwabcin mai waya ya ƙaura, yau da gobe har kunya ta hana shi.

Heluma ya ce da ya san haka ne da bai riƙe shi ba a shekarar. Bahago ya ce ba wanda ya ɗaure shi, shi ya ce to da bakinsa, kuma tsohon ya riga ya gaji ko da ya koma da wuri. Sai Heluma ya shiga tuna masa ranar ruwan, da hular kafinta, da tamfol, da kyanwa, yana magana yana dukan gwiwarsa. Bahago yana murmushi yana gyaɗa kai, amma Heluma ya lura wasu abubuwan sun fita daga kansa. Ya manta da shayin. Ya ɗauka kafinta ne ya ɗauki tsohuwar.

"Ni abin da na riƙe na ranar," in ji shi, "ina kwance kan tamfol ina cewa wannan ruwa yanzu yana sauka a gonata, ni kuma ina nan." Ya juya kofinsa a kan benci. "Ka riƙe ni da kyau, Yaya, ban taɓa samun mai riƙo irinka ba. Amma duk shekarun nan jikina ne kawai a nan."

Ba haushi Heluma ya ji ba. Ya ji kamar mutumin da ya daɗe yana share ɗaki yana jiran baƙo, ashe baƙon yana can gidansa yana barci mai daɗi. Ya so ya gaya masa wani abu game da safiyoyin mararraba, sai ya ga babu inda zai ajiye maganar. Ya ce masa ƙofar nan da yake dubawa ba ta da kyau, ƙarfenta bai da kauri, ya taso ya kai shi wurin mutuminsa.

Suka zaɓi wata. Heluma ya duba waldar, ya buɗe ya rufe, ya sa aka sauya mata makulli, aka ɗora ta a baro zuwa tasha. Ya so ya ja shi gida, Bahago ya ce motar garinsu ba ta jira, kuma ya bar albasa tana neman ruwa. Ya ce a gaishe masa da matar Yaya, a ce mata ƙanin mijinta ya yi tumbi. Suka karɓi lambar juna, yanzu yana da wayar kansa. Heluma ya tsaya a kan masu lodi yana nuna musu inda za su sa kwali don kada igiya ta ci fenti. Mota ta tashi, wani dogon hannu ya fito ta taga yana ɗagawa har ta sha kwana.

Da Heluma ya koma benen ya tarar an zauna. Buldoza yana kishingiɗe a kan buhuna yana ba da labari, bangon da aka bari rabi yana nan rabi. Suka zabura da ganinsa. Ya zauna a kan bokiti ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambayi wani mutum mai shiru-shiru da ya ɗauka a makon wa ya bari a gida. Mutumin ya ce mata da jariri, da ya taho ko zama bai fara ba, yanzu an ce masa yana rarrafe. Heluma ya gyaɗa kai, ya ce to a tashi a kankare bangon nan a gama da wuri.

Tun daga lokacin, in mutum ya zo ya ce zai koma gida, ba ya roƙonsa ko da rufi a buɗe yake. Mai kwangila ya yi ƙorafi, ya ce Heluma ya tsufa ya yi sanyi. Wataƙila gaskiya ne.

Sun yi waya da Bahago 'yan lokuta. Gaisuwa ce mai tsawo, ya gida, ya iyali, ya albasa, sai a yi shiru kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, sai a ce to sai an kwana biyu. Bahago ya ce ya zo ya ga gonar, Heluma ya ce in Allah ya so, da aiki ya yi sauƙi. Da gwiwoyi suka bi sahun kafaɗa, ya bar hawa bene, ya miƙa wa Buldoza riƙon mutane. Yanzu a shagon ɗansa yake wuni, a kan kujerar roba a bakin ƙofa, yana ba masu sayen fenti shawarar da ba su nema ba. Matarsa ta ce tun da aikin ya sake shi, ga mota ga hanya, ya je mana. Ya ce zai je bayan damina. Ta ce bara ma haka ya ce. Ya ce bana da gaske ne, har ya sa ɗansa ya ware masa galan ɗaya na fentin ƙarfe, don a ganinsa ƙofar nan ta Bahago ta isa a sake mata shafi.